Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da aka leƙa zuciyata

A makon jiya na tsaya ne inda Inna ta same ni da asuba a zaune, na jingina da filo uku, numfashi yana fita da ƙyar. Kwana 19 ke nan da haihuwata. Ƙafafuna sun kumbura har silifas ya ƙi shiga, kuma in ta danna yatsa a ƙwaurina sai ramin ya tsaya, ya ƙi cikowa.

A asibiti likita ya shafa min wani mai mai sanyi a ƙirji, ya ɗora na'urar eko mai nuna hoton zuciya, ya juyo allon ya ce in duba. Na ga zuciyata ta buɗe kamar tsohuwar jaka, tana motsi a kasalance. Ya ce lafiyayyar zuciya tana tura fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu, tawa kuwa kashi 28 cikin 100 kawai take iyawa. Ciwon zuciya na jego ne.

Inna ta kama bakin mayafinta, muryarta na rawa. "Likita, ko wankan da nake mata ne? Ko kunun kanwar?"

Har yau ina yi wa mutumin nan addu'a saboda yadda ya amsa mata. Ya ce, "Hajiya, kada ki ɗora wa kanki." Ya bayyana mana cewa tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka zargi ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta da kanwa, don cutar ta yi yawa a yankinmu. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta a Kano ya nuna ƙarancin sinadarin selenium a jinin yawancin masu ciwon. Duk da haka kanwa da gishiri zan bar su, saboda suna tara ruwa a jiki. Na ga kafaɗun Inna sun sauka.

Aka ba ni maganin fitsari, daren nan na yi ta zirga-zirga zuwa bayi, amma karon farko cikin mako biyu na kwanta a kan filo ɗaya.

Da safe ya tambaya ko zan yarda a sa ni cikin waɗanda ake binciken ciwon a kansu, a riƙa auna jinina da zuciyata lokaci-lokaci. Na sa hannu ba tare da dogon tunani ba, don ina da 'ya mace.

Sai ya rage murya ya ce a kira masa maigidana, akwai maganar sake ɗaukar ciki da dole ya ji da kunnensa.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.