Wa zai gaya miki gaskiya game da hotunanki?

Duk yarinyar da ta taso a unguwar Nima ko Maamobi a birnin Accra da burin shiga sana'ar tallan kayan ƙawa ta san cewa yabo ba ya wuyar samu. Da zarar ta ɗora hoto a WhatsApp ko Instagram, ƙawaye da 'yan uwa za su yi ta aiko da "Masha Allah" da "kin yi kyau", kuma da zuciya ɗaya suke faɗa. Amma kundin hotunan da za a miƙa wa kamfanin da ke nema wa masu talla aiki, ko mai ɗinki da ke shirin baje koli a Accra Fashion Week, ba kyau kaɗai ake nema a cikinsa ba. Shi ya sa nake kai nawa wurin waɗanda hoton zai yi wa aiki.

Wata Hajiya a Sabon Zongo, wadda ta daɗe tana yi wa amare ɗinki, ita ce ta fi kowa amfana mini. Na baza mata hotunan a kan teburin yanka, ta ture almakashi da alli gefe, ta ɗauki wanda aka ɗauke ni a gaban hasumiyar Jamestown cikin atamfar GTP. Ta ce, "'Yata, ginin nake gani, ban ga rigar ba. Kin naɗe hannu a ƙirji kin rufe aikin wuya, kin kuma karkace har kafaɗar ta tattare." Na ce, "Hajiya, to fuskar fa?" Ta ce, "Fuska ta yi, amma mai kaya ɗinkinsa yake so a saya." Ba na jin akwai ƙawar da za ta lura da kafaɗar riga, domin ba ita ta ɓata dare tana daidaita ta ba.

Mai ɗaukar hoto kuma haske yake dubawa. Ranar tsaka a Accra daga saman kai take dukan mutum, sai inuwa ta taru a ƙarƙashin ido da haɓa, don haka gara safiya ko bayan la'asar. Shi ne kuma zai gaya miki cewa kamfanoni sun fi son hoto mara ado: jikin bango fili, hasken rana, babu kwalliya mai nauyi, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe, ɗaya tun daga kai har ƙafa, tare da tsawonki da sauran awonki a santimita.

Abin da ya fi damuna shi ne gyaran da ake yi wa fata a waya har baƙa ta koma fara. Wanda ya kira ki saboda hoton zai ga wata daban ranar da kika zo, kuma daga nan amana ta tafi. James Barnor, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa na Ever Young a Jamestown a shekarun 1950, ya ɗauki mata baƙaƙe don bangon mujallar Drum a Landan a shekarun 1960, kuma har yau ana baje hotunan nan ana sha'awarsu da launin fatarsu.

Akwai shawarar da ba na karɓa, wato a ce in cire mayafi domin hoton ya fi karɓuwa. Wannan ba gyaran hoto ba ne. Halima Aden, Ba'amurkiya 'yar asalin Somaliya, ta shiga gasar sarauniyar kyau ta Miss Minnesota USA da hijabinta a 2016, daga baya kamfanin IMG Models mai nema wa masu talla aiki ya ɗauke ta, amma a 2020 ta janye daga sana'ar tana cewa aikin ya sa ta sassauta abin da ta yi imani da shi. Saboda haka kowane hoto a kundina da lulluɓi yake, domin mai ɗaukata aiki ya san sharaɗina tun kafin mu zauna.

Idan za ki nemi ra'ayi, kada ki tambayi ko hotunan sun yi kyau. Ki ce, "Wanne zan cire, kuma me ya sa?" Ki kuma yi hattara da wanda zai kushe su sannan ya nemi kuɗin rajista kafin ya samo miki aiki, ko ya ce ki turo masa wasu hotuna a asirce. Kamfanin kirki kasonsa yake cira daga kuɗin aikin da ya samo miki, kuma idan ya kira ki ofis ba zai hana ki zuwa da yayarki ba.