Darussan da Na Koya a Ɗakin Yanka da Rini

Waɗanda muka yi aiki tare a ɗakin nazarin nama, inda nake yanka nama ina rina shi don a duba a madubin likita, sun san cewa ba da son raina na ajiye aikin ba, sun kuma san dalili, sun san aikin kansa, saboda haka babu buƙatar in maimaita yadda ake jiƙa nama a fomalin ko yadda ake zuba shi a kakin farafin. Abin da nake so in rubuta shi ne abin da shekarun nan suka nuna mini game da naman haɗi, wato sashen da ɗalibai suka fi rainawa, wanda kuma shi ne ya zama sanadin saɓanina da shugaban da nake ƙarƙashinsa.

Ɗalibi idan ya ɗora ido a madubin likita, ƙwayoyin halittar da suka jeru reras yake nema, irin na tantanin hanji ko na ƙoda. Filin da ke kewaye da su, wanda rinin iyosin ya mayar ruwan hoda, yakan ɗauke shi cikon wuri kawai. Alhali wannan filin shi ne naman haɗi, kuma ya sha bamban da naman shimfiɗa (wanda ke lulluɓe saman jiki da cikin gaɓoɓi) da tsoka da naman jijiyar saƙo ta fuska ɗaya babba: a cikinsa ba ƙwayoyin ne suka fi yawa ba, abin da suka fitar suka kewaye kansu da shi ne ya mamaye wurin. Akwai zaren kolajin mai ƙarfi, wanda shi ne furotin da ya fi kowane yawa a jikin ɗan Adam. Akwai zaren elastin mai miƙewa ya dawo. Akwai siririn zaren raga da ke riƙe da saifa da kaluluwa da ɓargo da hanta. Sannan ga ruwa mai yauƙi da ya cike tsakaninsu. Yawan kowanne da yadda aka jera shi ne ke bambanta agara da fata, da guringuntsi, da ƙashi, da kitse, har da jini, duk da cewa asalinsu ɗaya ne tun a jikin tayi.

Rigimar ta faro ne daga jarrabawar gani da ido, wadda ake jera madubai a kan teburi, ƙararrawa na bugawa ɗalibi na matsawa gaba. Ni ke shirya gilasan da ake manna yankakken nama a kai, kuma a jajibirin ranar na ɗauko wani daga tsohon akwati wanda aka rubuta masa "tsoka marar zane", wato irin tsokar bangon hanji. Da na daidaita madubin sai na ga ba haka ba ne. Cibiyoyin ƙwayoyin, wato ɗigon da ke cikin kowace ƙwaya, sirara ne, sun yi duhu, an matse su a layi-layi tsakanin damman zare masu ɗan lanƙwasa, kuma ruwan hodar da ke gefensu ba jikin ƙwaya ba ne, kolajin ne zalla. A tsoka marar zane cibiya tana zaune ne a tsakiyar ƙwayarta, ta fi kauri, ta fi haske, bakinta dakusasshe, wani lokacin ma a murɗe take idan tsokar ta tsuke kafin a daskarar da ita, kuma cibiyoyin sun fi yawa a fili guda. Abin da ke gabana agara ce, wato naman haɗi mai cunkoso wanda zarensa ya miƙe fuska ɗaya.

Na same shi a ofishinsa na ce, "Ranka ya daɗe, Farfesa, gilashin da ke madubi na gefen taga ina ganin agara ce, ba tsoka ba. Da za ka ɗan leƙa kafin gobe." Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Malam, naka yanka da rini, fassara tamu ce. Wannan gilashin da shi aka koyar da ni." Washegari aka yi jarrabawa, duk ɗalibin da ya rubuta agara aka soke masa, kuma a cikinsu akwai waɗanda wannan maki ɗin ne ya raba su da tsallakewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, waɗanda suka faɗi su ne masu zama bayan an tashi suna duba gilashi da gaske, waɗanda suka ci kuwa lambar akwati suka haddace.

Na nemo dunƙulen kakin da aka yanko gilashin daga gare shi, na sake yanka shi a kaurin maikuron 5 (maikuron kaso ɗaya ne cikin dubu na milimita), na yi masa rinin Masson. A wannan rinin tsoka ja take fitowa, kolajin kuma shuɗi, kuma filin gaba ɗaya shuɗi ya fito in ban da cibiyoyin. Na ƙara da rinin van Gieson, inda kolajin ke zama ja tsoka ta zama rawaya, shi ma ja ya fito daga wannan gefe zuwa wancan. Na kai masa duka biyun. Amsar da na samu ita ce wai na ɗauko dunƙulen da ba shi ba, bayan 'yan kwanaki kuma aka miƙo mini takardar tuhuma kan amfani da kayan rini ba tare da izini ba. Ba a gyara makin kowa ba. An san cewa Bichat, likitan nan na Faransa, ya kasa naman jiki gida 21 a farkon ƙarni na 19 ba tare da ya dogara da madubi ba, to amma shi yana da uzuri, domin madubin zamaninsa yana yaudarar ido. Namu madubin lafiyarsa ƙalau, taku kaɗan ne kawai daga ofis zuwa inda yake.

Daga wannan na fahimci cewa rinin yau da kullum, wato himatoksilin da iyosin, ba ya yanke hukunci a kan naman haɗi, domin iyosin ba ya bambanta kolajin da jikin tsoka, duka ruwan hoda yake ba su. Zaren raga ma ba ya fitowa da shi sam, sai an yi rinin azurfa sannan a gan shi baƙi yana zagaye ƙwayoyin hanta. Zaren elastin a bangon babbar jijiyar jini sai da rinin Verhoeff yake bayyana sosai. Ƙwayoyin mast, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a naman haɗi, waɗanda Paul Ehrlich ya bayyana a 1878, sukan ɓace a cikin sauran ƙwayoyi har sai an sa musu shuɗin toluyidin, a nan ne ƙananan ɗigo-ɗigon cikinsu ke juyewa ruwan shanshanbale. Malamin da ya koyar da naman haɗi da rini ɗaya, rabin darasi ya bayar, ko da kuwa da wannan rabin aka koyar da shi.

Abu na biyu, wanda na daɗe ina faɗa wa ɗalibai a gefen tebur, shi ne cewa abin da ke kan gilashi ragowar nama ne bayan ya sha magunguna. Kitse yakan fito kamar saƙar zuma da aka tatse, ramuka farare da cibiya a maƙale a gefe, ba don babu komai a ciki ba, sai don barasa da sinadarin zailin da ake sarrafa naman da su sun narkar da maiƙon. Wanda yake son ganin maiƙon sai ya yanka naman a daskare ya yi masa rinin Sudan. Farin wurin da ake gani tsakanin zaruruwan sassauƙan naman haɗi na ƙarƙashin fata, yawancinsa gurbin ruwan yauƙin ne da aka wanke. Ratar da ke tsakanin ƙwayar guringuntsi da raminta ƙanƙancewa ce ta lokacin sarrafawa, a jiki mai rai ƙwayar ta cike ramin. Guringuntsin maƙogwaro kuma da yake fitowa sumul, ba rashin zare ba ne: kolajin nau'i na biyu ne ke ciki, siriri ƙwarai, kuma haske na ratsa shi daidai da yadda yake ratsa abin da ke kewaye da shi. A ƙashi ma zaɓi ne: idan an goge busasshen ƙashi ya yi siriri, za a ga zagayen da ke kewaye da magudanan da Clopton Havers ya bayyana a 1691, amma ƙwayoyin sun tafi, idan aka cire sinadarin kalsiyam da asid, ƙwayoyin na nan, amma ƙananan hanyoyin da ke haɗa su sun dushe.

Akwai wani tarko da ke kusa da wanda ya kama Farfesa, wato guringuntsi mai zare na tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya, wanda shi ma damman kolajin ne suka cika shi. Abin da ke raba shi da agara shi ne ƙwayoyinsa zagaye suke, kowace a raminta, sau da yawa a jere biyu-biyu ko uku-uku. Fata kuwa zarenta kauri gare shi amma ya bi kowace fuska, domin ta kowace fuska ake jan ta.

Na kuma koyi cewa ɗalibi ba ya riƙe sunan zare sai an nuna masa abin da ke faruwa idan zaren ya lalace. Rashin bitamin C yana hana kolajin ɗaurewa, shi ya sa dasashi ke zubar da jini, rauni kuma ya ƙi warkewa. Tangarɗa a kolajin nau'i na ɗaya tana sa ƙashin yaro ya riƙa karyewa da ɗan motsi. Cutar Marfan kuwa daga furotin fibrilin take, wanda zaren elastin ke ginuwa a kansa. Hantar da ta ƙeƙashe, idan aka yi mata rinin Masson, shuɗin tabon da ya yayyanka ta ya ishi ɗalibi bayani.

Sauran darussan gajeru ne. Wuƙa dakusasshiya takan yayyaga agara, mai duba kuma ya ɗora wa naman laifi. Lakabin gilashi rubutun mutum ne, kuma yakan tsufa. Duk abin da ka gani a madubi ka shigar da shi littafi da kwanan wata kafin ka kai wa na sama da kai, domin maganar baki ba ta da shaida ranar tuhuma.

Ga wanda zai gaje ni: gilasan Masson da van Gieson suna cikin akwatin da ke saman kanta ta hannun dama, na rubuta lambar dunƙulen a jikin kowanne. Tsohon gilashin yana inda yake da tsohon lakabinsa, domin ba a ba ni izinin canza shi ba, kuma har ranar da na miƙa makulli takardar amsa tana nan tana cewa tsoka.