Saura kwana uku ga Windows 10

Asabar, 11 ga Oktoba, 2025

Da na dawo daga masallaci da asuba na tarar da wutar da aka kawo cikin dare tana nan, na ce bari in ƙarasa buga tambayoyin gwajin 'yan aji uku kafin a ɗauke. Ina buɗe laftof sai ga sanarwar nan ta sake cika fuskarta: ranar 14 ga Oktoba kamfanin Microsoft zai janye hannunsa daga Windows 10. Watanni ke nan ina ganinta ina turewa. Yau da na ƙirga na ga Talatar nan ce, saura kwana uku, sai hannuna ya ƙi turewa.

Laftof ɗin HP EliteBook 840 G3 ce, 'yar gwanjo. A 2019 na saye ta, da kuɗin adashin da muke yi mu malamai a makaranta. Tun daga lokacin batir kawai na sauya mata, na ƙara mata RAM ya kai giga 8, na sa mata faifan SSD. Ba ta taɓa ba ni kunya ba. Tambayoyin jarrabawar Hausa na shekara shida suna cikinta, da karin maganar da nake tarawa tun ina kwaleji, da katunan ɗaurin aure da na suna da nake zanawa da CorelDRAW, waɗanda su ke rufa mini asiri idan wata ya yi nisa. Sannan akwai muryar Baba, Allah ya ji ƙansa, wadda na ɗauka a shekararsa ta ƙarshe yana ba ni tarihin unguwarmu da sunayen kakanninmu. Shi ya sa duk wanda ya ce a taɓa cikin kwamfutar nan sai gabana ya faɗi.

Na buɗe 'yar manhajar nan PC Health Check da ke auna ko kwamfuta za ta ɗauki Windows 11. Ba ta ɓata mini lokaci ba. RAM ya wadatar, don giga 4 ake nema. Wurin ajiya ma giga 64 ake nema, nawa ya ninka haka. Inda aka tsaya wurare biyu ne: firosesata Core i5 ce ta zubi na shida, su kuma daga zubi na takwas suke karɓa, sannan suna neman wani guntun tsaro da ake kira TPM ya zama 2.0, nawa kuwa 1.2 ne.

Ana cikin karin kumallo ɗan yayata ya shigo gaishe mu. Shi kwamfuta yake karantawa, don haka na nuna masa. Ya yi murmushi ya ce, "Kawu, ai wannan ba wani abu ba ne. Akwai wata manhaja, Rufus, da filash ɗaya zan tsallake duk sharuɗɗan nan in ɗora maka 11 kafin azahar. Tawa ma haka na yi mata." Na san gaskiya ya faɗa, na ga tasa tana aiki. Amma na tambaye shi, idan ta lalace me zai rasa? Ya ce wasanni da 'yan fina-finai, takardunsa duk suna cikin imel. Na ce to ka ga ni ba haka ba ne. Ya ce, "To Kawu, ka je wurin Injiniya mai gyaran kwamfuta ka ji ta bakinsa."

Da hantsi na saka ta a jaka na hau adaidaita zuwa Beirut Road, kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta nan Kano. Rana ta buɗe sosai, damina ta tattara nata ya nata. Shagon Injiniya cike yake, kuma mutum biyu da na tarar a gabana duk maganar da ta kawo ni ita ta kawo su. Ɗaya dattijo ne mai shagon buga takardu, hankalinsa a tashe, wai an gaya masa ranar Talata kwamfutocinsa za su mutu. Injiniya ya kwantar masa da hankali: "Alhaji, ba abin da zai mutu. Ranar Laraba za ka kunna ta tashi kamar kullum. Abin da zai tsaya shi ne facin da suke aiko wa duk wata." Ya kwatanta masa da katangar gida. Duk ɓarakar da aka gano, magini yana zuwa ya toshe. Daga Talata magini ya daina zuwa, ɓarayi kuwa ba su daina zagaye ba.

Wannan kwatancen ya shige ni, domin na san irin ƙofofin da tawa kwamfutar take da su. A ofishin malamai ni ne mai laftof, kowa filash ɗinsa yake miƙo mini, kuma filashin nan ya zaga shagunan buga takardu na rabin gari kafin ya iso hannuna. Shekara uku da suka wuce wani filash ya shigo mini da ƙwayar cutar nan da ke ɓoye manyan fayil ta bar maka inuwarsu kawai, ana saura kwana biyu jarrabawa. Daren nan ban yi barci ba. Kuma ban manta da abin da muka ji a rediyo a watan Mayun 2017 ba, lokacin da WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da yawa, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Facin ɓarakar da ta bi ta shiga ya fito tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su ɗora shi ba su ta fi ci. Don haka ba na cikin masu cewa maganar tsaro dabarar sayar da sababbin kwamfutoci ce kawai. Tsoron na gaske ne.

Da layi ya zo kaina Injiniya ya duba ta ya ce, "Malam, TPM ɗinka ba matsala ba ne, irin wannan samfurin ana iya ɗaga shi zuwa 2.0." Ya bayyana mini cewa wani ɗan guntu ne a jikin allon kwamfuta da ke adana makullan sirri, yadda idan an kulle faifanka da su, ko an sace shi ba za a karanta abin da ke ciki ba. "Firosesar ce ba ta da magani. A manne take da allo, ba a cire ta."

Na kawo masa shawarar ɗan yayata. Bai kushe ta ba. Ya ce yana yi wa mutane kullum, kuma yawanci lafiya lau. Sai dai ya ce in sani, Microsoft sun faɗa ƙarara cewa kwamfutar da ba ta cika sharuɗɗa ba, ba su ɗauki alkawarin ci gaba da aiko mata da faci ba. Yau yana zuwa, gobe babu wanda zai rantse. Nan na tsaya na yi tunani. Don faci nake son barin 10. In na koma 11 ta bayan gida, facin ba tabbas. To me na tsere wa?

Sai ya ɗauko wani filash ya ce in ga wani abu. Ya tayar da laftof ɗina da Linux Mint, wata manhaja da ke iya maye gurbin Windows, daga jikin filashin, ba tare da ya taɓa abin da ke faifaina ba. Gaskiya ta burge ni. Ta tashi da sauri, fuskarta ba ta yi nisa da abin da na saba ba, kyauta ce, kuma ba ruwanta da zubin firosesa. Abu na farko da na gwada shi ne haruffa masu ƙugiya, don malamin Hausa da ba zai iya rubuta ɓ da ɗ da ƙ ba ya shiga uku: ƙasa ta zama kasa, ɗaki ya zama daki. Muka saita madannan Hausa, duk suka fito. Na buɗe takardar jarrabawata da LibreOffice, ta buɗe, amma jadawalin da ke shafi na biyu ya ɗan goce, abin da zan iya gyarawa. Inda muka rabu shi ne CorelDRAW. Ba ya hawa Linux kai tsaye. Injiniya ya nuna mini Inkscape, ya ce yana yin aikin, amma ɗaruruwan katunan da na zana a Corel suke, kuma masu injin buga kati da nake kai wa aiki fayil ɗin Corel suke karɓa. Ga shi lokacin bukukuwa ya matso, ana gama girbi aure zai fara. Ba yanzu zan koma ɗalibi ba. Na dai roƙe shi ya kwafa mini Mint ɗin a nawa filashin, in riƙa koya a hankali.

Na tambayi kuɗin 840 G5, wadda ke da zubi na takwas. Abin da ya faɗa ya haura albashina na wata biyu. Na yi shiru, shi ma bai matsa ba.

Shi ne ya ce, "Malam, akwai hanya ta huɗu, mutane ba su cika sani ba." Ashe an buɗe wani shiri na ƙarin wa'adi ga masu kwamfutar gida: za a ci gaba da aiko da facin tsaro har zuwa 13 ga Oktoban 2026. Ana biyan dala 30, ko a bayar da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kuma a samu kyauta idan mutum ya shiga da asusunsa na Microsoft ya yarda a ajiye saitunan kwamfutarsa a can. Sharaɗin shi ne Windows 10 ɗinka ya kasance samfurinsa na ƙarshe, wato 22H2, nawa kuwa shi ne. Ya ƙara mini da cewa Office 2016 da 2019 ma ranar Talatar wa'adinsu ke cika, kuma shirin bai shafe su ba, don haka in kula da takardun da ake turo mini. Na sayi faifan ajiya na waje a wurinsa, na biya, muka yi sallama.

Bayan la'asar na zauna a tsakar gida na fara kwashe komai. Muryar Baba na fara kwafa, kuma ban iya wucewa ba sai da na kunna ɗaya. Maiɗakina ta fito daga madafa ta tsaya a bakin ƙofa tana ji, har ya kai inda yake lissafa rijiyoyin unguwa da aka cike. Ta ce, "Malam, wannan kam ka ajiye shi wuri uku." Na tura kwafi ɗaya wayar yayata a take. Shekara shida fayilolin nan suna zaune a faifai ɗaya tak, sai yau sanarwar da nake turewa ta sa na raba su.

Bayan isha'i na sayi data, na shiga wurin sabunta Windows, na ga inda ake rajistar ƙarin wa'adin. Na ɗan yi jim a kan maganar asusun, don ban so a ce sai na ɗaura kwamfutata da intanet kafin a kare ta ba. Amma na duba, saituna ne za a ajiye, takarduna suna nan inda suke. Na shiga, na danna, ta nuna mini cewa an yi rajista.

Ɗan yayata ya kira yana tambaya ko ya zo da filash gobe. Na ce ya zo, amma Inkscape zai fara koya mini a kan Mint. Na kuma aika wa mai riƙe mana adashi saƙo cewa a zagaye mai zuwa a sa ni ɗaukar watan Yuli, kuɗin G5 ne. Tambayoyin 'yan aji uku saura guda bakwai, kuma wuta tana nan har yanzu.