Yadda Muka Buɗe Soron Kakanmu ga Jama'a

Gidanmu na gado yana cikin birnin Kano, a wani lungu da bai wuce tafiyar minti goma a ƙafa daga kasuwar Kurmi ba, kuma kakan mahaifinmu ne ya gina shi da ribar fataucin goro da ya yi shekaru yana yi tsakanin Kano da Gwanja. Ginin ƙasa ne tun daga tushe har zanko, yana da zaure, da shigifa, da soro mai hawa ɗaya wanda aka rufe da ɗaurin guga, wato rufin da ake ɗorawa a kan bakan gizo, ginshiƙan nan masu lanƙwasa da ke haɗuwa a tsakiyar ɗaki. A daminar 2022 katangar gabas ta zube cikin dare, Allah Ya kiyaye ba ta danne kowa ba, kuma da magada suka zauna bayan mako guda, ra'ayin mafi yawansu shi ne a rushe gaban gidan a yi shaguna na bulo, kamar yadda maƙwabtanmu na dama da na hagu suka riga suka yi. Ni ne na roƙi a ba ni shekara guda in gyara zauren da soron, in buɗe su ga masu son gani a lokacin ƙaramar Sallah, idan abin bai yi armashi ba a yi yadda aka ga dama. Baffanmu, wanda shi ne babba a gidan, ya dube ni ya ce: "To, ɗana, mun ba ka, amma ka sani ginin ƙasa ba ya jiran mai shawara."

Kuskurena na farko shi ne siminti. Don in nuna wa dangi cewa aiki ya kankama, na sa wani birkila ya shafe tsagar da ke bangon zaure da siminti, ya goge ta sumul. Da na samo wani tsohon magini ta hannun mai unguwa, abin da ya fara yi shi ne ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsansa, sai muka ji yana amsawa kamar ganga. Ya yi mini bayani cewa ƙasa tana shan laima tana fitar da ita, siminti kuwa yana kulle laimar a ciki, har bangon ya ruɓe ta baya alhali fuskarsa tana sheƙi. Muka ɓamɓare shi gaba ɗaya, kuɗin ya tafi a banza. Daga nan na zama ɗan kallo, ina sayo abin da ya ce a sayo: birji da ciyawa don kwaɓa ƙasa, wadda aka bari ta kwana da kwanaki tana ruɓa kafin a cura tubali, sai makuba ta ɓawon ɗorawa don yaɓe, sai azarar giginya guda shida, domin a cikin rufin ya gano wasu tsofaffin da ruwa ya ci kawunansu saboda indararo ya toshe shekara da shekaru ba wanda ya hau ya duba. Ya gaya mini cewa a zamanin ubansa da laso ake shafe rufi, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, amma yanzu masu iya haɗa shi sun yi ƙaranci ƙwarai. An gama aikin kwana uku kafin a ɗauki azumin 2023.

A raina Turawa nake jira. Na san cewa hawan Sallah yana jawo baƙi daga ƙasashen waje, kuma bayan sun ga Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa da Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, da marinar Ƙofar Mata, da Gidan Ɗan Hausa, ba su cika samun damar shiga gidan da mutane ke zaune a cikinsa ba. Saboda haka na buga takardun bayani da Turanci, na manna a bango, na jera kayan da muka tarar a cikin wani tsohon adudu: ma'aunin tagulla, da tandu biyu, da wuri cike da ƙwarya, da gafaka, da likkafa ɗaya wadda ba a ga 'yar'uwarta ba.

Muka buɗe washegarin Hawan Daushe, daga hantsi zuwa la'asar, har kwana uku. Turawan da suka zo ba su kai yawan yatsun hannu ɗaya ba. Waɗanda suka cika zauren mutanen unguwa ne, da yara 'yan yawon Sallah cikin sababbin kaya, da wasu ɗaliban zanen gine-gine, da magidanta da suka tashi a cikin birni suka koma sababbin unguwanni bayan ganuwa, suka riƙo hannun 'ya'yansu don su nuna musu irin ɗakin da aka haife su a ciki. Takarduna na Turanci ba wanda ya tsaya a gabansu. Abin da na ga yara suna yi shi ne dafa bango da tafin hannu suna mamakin sanyinsa, a tsakiyar zafin Afrilu, babu fanka babu lantarki, sannan su ɗaga kai su ƙirga bakan gizon da suka haɗu a tsakiyar rufi, inda aka kafa wani tsohon farantin tangaran. Wani dattijo da ban taɓa gani ba ya ɗauki ma'aunin ya juya shi, ya ce mini wannan ba na goro ba ne, domin goro ƙirga shi ake yi, ƙwarya ɗaya goro ɗari. Wannan na awon azurfa ne ko turare. Ni kuwa na rubuta a ƙarƙashinsa cewa ma'aunin goro ne, kuma na faɗa wa mutane haka tun safe da cikakken ƙarfin gwiwa.

Gyaran da ya fi wannan nauyi daga cikin gida ya fito. Akwai wani ɗan ɗaki marar taga a gefen shigifa, wanda na sa wa suna ma'ajiyar kaya. Da yamma gwaggonmu, wadda ta haura shekara tamanin kuma a gidan aka haife ta, ta aiko a kira ni, ta ce: "Kai yaro, wa ya gaya maka ɗakin kaya ne? Kakata ta ce nan bayin gidan suke kwana." Ta ƙara da cewa jikokinsu suna nan a unguwar, muna gaisawa, har an yi auratayya. Na kwana ina juya maganar. Idan na yi shiru na yi wa tarihi ƙarya, idan kuma na faɗi sunaye na tozarta mutanen da ba su yi mini komai ba. Da safe na kai wa Baffa, muka tsaya a kan cewa za a faɗi abin da ɗakin yake, ba za a ambaci zuriyar kowa ba. Na lura cewa mutane sun fi daɗewa a bakin wannan ɗaki fiye da ko'ina, kuma ba a cika yin magana a wurin ba.

Ban kuma yi tunanin matan gidan yadda ya kamata ba, kuma wannan laifina ne ni kaɗai. Tsarin gidan Bahaushe ya riga ya raba inda baƙo zai tsaya: zaure na kowa ne, shigifa ta na kusa ce, cikin gida kuwa sai muharrami. Ni na nemi izinin maza magada, na manta cewa matakalar soro tana kallon tsakar gida. A ranar farko wani saurayi ya hau, ya juya wayarsa ya ɗauki hoton matan suna tuƙa tuwo, kafin magariba hoton ya shiga Facebook. Matar yayana ta yi fushi mai tsanani, kuma gaskiyarta ce. Sai da muka nemo yaron ya goge, na shiga na ba da haƙuri ɗaki ɗaki, muka kafa zana a gefen matakala, muka sa ƙanena ya tsaya yana gaya wa duk mai hawa cewa ba a ɗaukar hoto ta wannan ɓangaren. Matan da kansu suka kawo shawarar da ta fi tawa: a ware awa biyu bayan azahar don mata zalla, su shiga har ciki, gwaggo ta nuna musu jeren tasoshinta da gadon ƙarfe mai rumfa da aka kawo ta da shi. A rana ta uku layin mata ya fi na maza tsawo.

Soron ma ya kusa ba mu kunya. Maginin ya gargaɗe ni kada mutum fiye da biyar su hau a lokaci guda, amma a cikin cinkoson rana ta biyu sai da na ƙirga goma sha huɗu a sama, ƙasa tana zubowa kaɗan kaɗan a kan waɗanda ke zaure. Na sauko da kowa, na rufe hawa sai da ya zo ya duba, tun daga ranar kuma akwai igiya a bakin matakala da mai ƙirga.

Ba mu sa kuɗin shiga ba, ƙwarya muka ajiye a bakin ƙofa, abin da aka tara bai kai rabin kuɗin azara ba. Da magada suka sake zama bayan Sallah, masu son shaguna ba su janye ba, kuma ba na ganin laifinsu, domin a cikinsu akwai marayu da zawarawa da hayar shago za ta rufa wa asiri. Abin da aka cimma shi ne a fasa katangar kudu a fitar da shago biyu, a bar zaure da soro yadda suke, a riƙa cire kuɗin yaɓe daga hayar kowace shekara kafin a raba saura. Baffa ya sa aka rubuta, kowa ya sa hannu a gaban mai unguwa. Yanzu duk watan da damina ta gabato nakan hau rufin da kaina in share bakin indararo, kuma na fara zama da gwaggo bayan sallar isha'i ina naɗar maganarta a waya, ɗaki bayan ɗaki. Mun gama zaure da shigifa, ta ce labarin rijiyar da aka cike a tsakar gida sai ranar da ƙafarta ta yi sauƙi ta nuna mini wurin da kanta.