Farin ɓawon da na gani a cikin tukunyar tururi

Na shafe shekaru ina kula da tukunyar tururi a wani kamfanin casar shinkafa da ke Kano, inda ake turara shinkafa da tururin da take bayarwa. Tukunyar irin wadda wuta ke ratsawa ta cikin bututu ce, ruwa kuma yana kewaye da su ta waje, saboda haka duk zafin da zai isa ga ruwa dole ne ya bi ta jikin ƙarfen bututun.

Da farko hankalina ya tsaya a ɓangaren wuta, domin shi ne ido yake gani. Buntun shinkafa muke ƙonawa, tokarsa kuwa tana da yawa, ga kaifi kamar yashi. Mukan kashe wuta mu bar tukunyar ta huce da kanta, mu datse makunnin lantarki da kwaɗo, sannan mu buɗe ƙofofin gaba da baya mu tura burushin waya cikin kowane bututu har toka da kunkunniya su fita.

Wani lokaci sai ma'aunin zafin hayaƙi, wanda yakan sauka idan bututu suna da tsabta, ya ƙi sauka duk da sharar da muka yi, buntu kuma yana ƙarewa fiye da yadda aka saba. Tsohon makaniken da ya koya mini aiki ya dubi littafin da nake rubuta awo, ya ce, "Yaro, ka share inda wuta take, amma ba ka leƙa inda ruwa yake ba." Da muka zubar da ruwa muka kwance murfi, sai ga farin ɓawo mai tauri ya lulluɓe bututun. Ruwan rijiyar burtsatse muke zubawa, yana ɗauke da kalsiyam da maganesiyam, sinadaran da suke taruwa su zama wannan ɓawo, gishirin na'urar da ke tace su kuma ya ƙare tuntuni ba tare da na lura ba. Wannan ɓawo yana tare zafi, ƙarfe ya yi ta gasuwa har bakin bututu ya saki. Sakacin nawa ne, kuma har yau yana damuna.

Domin narkar da ɓawon, mun haɗa asid ɗin salfamik da maganin da ke hana shi cin ƙarfe, muka yi ta zagaya shi da famfo muna gwada ƙarfinsa da takardar awo har kumfa ta daina tashi. Daga nan muka zubar, muka kashe ragowarsa da soda, muka ɗauraye sau uku, muka sa sabon gaskit, wato abin da ke toshe bakin murfi don hana yoyo, a kowane murfi, domin tsohon ba ya sake kamawa. Gwajin matsin ruwa ya nuna bututu biyu suna yoyo, aka canza su.

Tun daga lokacin nake duba gishirin da hannuna kowace safiya, nake sakin ruwan ƙasan tukunya a kowane zubin aiki domin laka ta fita, kuma idan zafin hayaƙi ya ƙaru da digiri 20 a kan abin da na rubuta bayan wanki, nakan nemi a tsayar da aiki a buɗe.