Asabar a gindin dutsen Arunacala

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Yau na je Tiruvannamalai, wani gari a kudancin Indiya. Abokin karatuna, wani ɗan Tamil da muke aiki a ɗakin gwaji ɗaya, shi ya daɗe yana yi mini maganar garin, saboda gidansu kaf mabiya Ramana Maharshi ne, wani malamin addinin Hindu da ya rayu a garin, tun zamanin kakarsa. Muna idar da asuba muka hau bas daga Cennai, tafiyar kusan kilomita 190. Tun daga nesa ake hango Arunacala, jan dutse mai tsayin mita 814, yana tsaye shi kaɗai, gari ya kwanta a gindinsa. Mabiya addinin Hindu suna ɗaukar dutsen kansa a matsayin Shiva, abin bautarsu, kuma duk daren da wata ya cika sukan zagaya shi ba takalmi, kilomita 14.

Mun fara tsayawa a ƙofar babban wurin bautar garin, mai hasumiyar gabas da ta kai mita 66. Abokina ya shiga ya yi ibadarsa, ni na zauna wurin mai shayi ina jiransa. Da ya fito, da farar toka a goshi, a nan kan benci ya ɗauko mini labarin tun daga tushe.

Sunan da iyayen Ramana suka raɗa masa Venkataraman. An haife shi ranar 30 ga Disamba 1879 a wani ƙaramin gari, Tiruculi. Mahaifinsa mai tsaya wa mutane ne a kotu, ya rasu a 1892, sai aka kai yaron gidan baffansa a Madurai, inda ya shiga makarantar 'yan mishan na Amurka. Ba wanda ya san shi da wata ibada, an fi saninsa da wasa da nauyin barci. A watan Yuli 1896, yana ɗan shekara 16, yana zaune shi kaɗai a ɗakin bene, lafiyarsa ƙalau, sai tsoron mutuwa ya rufe shi. Bai kira kowa ba. Ya kwanta ya miƙe, ya sandarar da gaɓoɓinsa, ya riƙe numfashi, ya tambayi kansa: to ga jiki ya mutu, za a ɗauka a ƙone, ni fa, na mutu ke nan? Amsar da ya ce ya samu ita ce, akwai wani "ni" da mutuwar jiki ba ta taɓawa. Ranar 29 ga Agusta ya ɗauki rupi uku daga cikin biyar na kuɗin makarantar wansa, ya bar 'yar takarda cewa ya tafi neman Ubansa, wato abin bautarsa, kada a ɓata kuɗi wajen cigiyarsa. Guziri ya ƙare a hanya, ya jinginar da 'yan kunnensa. Ranar 1 ga Satumba ya iso garin nan, aka yi masa aski ƙwal, ya jefa sauran kuɗin cikin tafki, ya rage daga shi sai bante. Daga ranar bai sake barin Arunacala ba har ƙarshen rayuwarsa, kusan shekara 54.

Akwai wani ɓangare da abokina yake faɗa cikin sha'awa, ni kuwa tsigar jikina ce ta tashi. Yara sun dame shi da jifa, sai ya koma wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a cikin wurin bautar, ya zauna bai motsi. Ƙwari suka yi ta cin cinyoyinsa har suka yi gyambo, bai ma sani ba, sai da aka shiga aka ɗauko shi cak. Wannan bai burge ni ba, tausayi ya ba ni. Yaro ne ɗan shekara 16, kuma jiki amana ne. Da a nan labarin ya tsaya, da ban ɓata tawada a kansa ba.

Wajen hantsi muka ƙarasa mazaunin Ramana, ashram ɗin da ke kudancin dutsen. Mun tarar ana rabon abinci. Masu gudun duniya, waɗanda suke kira sadu, sun yi dogon layi cikin tufafi ruwan goro, yawancinsu dattawa masu gemu da cukurkuɗaɗɗen gashi. Na tsaya ina kallon wani tsoho, ƙafafunsa duk faso, yana riƙe da ƙaramar robar fenti da ya mayar kwano. Aka zuba masa shinkafa da miya, bai ɗaga kai ba, bai yi godiya ba, mai zubawar ma bai jira godiya ba. Ya koma gindin bishiya, ya fara gutsura wa wani kare kafin ya kai loma bakinsa. Kullum haka ake ciyarwa a wurin.

Muka ajiye takalma muka shiga. Dawisu suna yawo a tsakar gida, birai suna kan rufi. A tsohon zauren da yake karɓar baƙi an bar doguwar kujerarsa, an jingina hotonsa a kai, mutane kuwa suna zaune a ƙasa, Indiyawa da Turawa, ba mai cewa uffan. Wasu na shigowa su faɗi rub da ciki gaban kujerar. Ni na zauna daga baya kusa da ƙofa, goshina ba ya taɓa ƙasa don wani mahaluƙi, kuma ba wanda ya kalle ni saboda haka.

Abin da ya kama zuciyata a bayan zauren yake, wajen madafa da ɗakin cin abinci. Mutumin da manyan masana ke tasowa daga ƙasashe don su zauna gabansa, wanda marubucin Ingila Somerset Maugham ya zo gani a 1938, shi ne mai tashi tun cikin dare ya shiga madafa yana yanka kayan miya. Ba ya yarda a zuba masa fiye da na kowa. In an kawo masa wani abin marmari, sai an raba wa duk wanda ke wurin, in bai isa ba shi ma ba ya ci. A ƙasa yake zama ya ci a kan ganye kamar kowa. Dukiyarsa bante, sanda da buta. A 1924 ɓarayi suka fasa gidan cikin dare, suka doke shi a cinya, ya hana almajiransa ramawa. Can gefe kuma ga kabarin wata saniya mai suna Lakshmi da ta mutu a 1948, ga na barewa, da kare, da hankaka. Ya guji duniya, amma bai guji mutane ba, bai kuma mai da gudun nasa tsanin hawa kansu ba. Na sha ganin masu wa'azin raina duniya da ba za su iya cin tuwo kwano ɗaya da direbansu ba.

Sai dai abokina bai ɓoye mini wani abu ba. A zamanin Ramana akwai shamaki a ɗakin cin abincin, 'yan dangin Brahmin, wato ajin da Hindu ke ɗauka mafi daraja, gefe guda, sauran jama'a gefe guda, shi kuma yana zama inda duka ɓangarorin za su gan shi. Bai ce a cire ba. Mutumin da ke koyar da cewa asalin kowa ɗaya ne, kalma guda daga bakinsa ta isa. Wannan ya tsaya mini a rai.

Na fita na nemi masallaci a cikin gari na haɗa azahar da la'asar, sannan muka koma muka bi hanyar da ta hau dutse ta bayan gidan. Matakalar duwatsu ce, rana ta gasa su, numfashina har sama-sama yake. Mun huta a Skandashram, inda ya zauna daga 1916 zuwa 1922, akwai ruwa mai sanyi da ke fitowa daga dutse, kuma daga nan ana ganin wurin bautar gaba ɗaya a shimfiɗe. Muka gangara zuwa kogon Virupaksha, inda ya yi shekara 17 tun daga 1899. Ciki duhu ne da zafi, gumi kawai ke tsatsafowa.

A bakin kogon muka yi doguwar magana kan koyarwarsa. A 1902 wani ma'aikacin gwamnati, Sivaprakasam Pillai, ya zo masa da tambayoyi. A lokacin ba ya magana, sai ya riƙa rubuta amsa a kan rairayi ko allo, daga nan aka tattara ɗan littafin Nan Yar, wato Wane ne ni? Hanyar ba ta da tsawo. Duk tunanin da ya zo, kada ka bi shi, ka tambaya: wa wannan tunani ya zo wa? Ni. To wane ne ni ɗin? A ganinsa duk sauran tunane-tunane sun rataya ne a kan tunanin "ni", in ka bi shi zuwa inda ya ɓullo sai ya narke. Ya kwatanta tambayar da sandan da ake tona wutar ƙona gawa, wanda shi ma daga ƙarshe wutar ke cinyewa. Yakan kuma ce a cikin barci mai nauyi ba ka san jikinka ba, ba ka san sunanka ba, amma kana nan. Wanda ya ce masa wannan ta yi masa wuya, sai ya nuna masa ta biyu: ya miƙa wuya gaba ɗaya ga Ubangiji. Magidanta da yawa sun nemi izinin barin iyali su bi sawunsa, yakan hana su, ya ce barin duniya a zuci yake, wanda ya gudu daji da zuciyarsa zai tafi.

Na faɗa wa abokina gaskiya. Tambayar tana da amfani a wurina. Ko yau da wani ya bangaje ni a tashar bas, da na tsaya na duba wane ne aka taɓa har raina ya ɓaci, girman kai na tarar. Amma inda suka dosa da ita, cewa in an tone wannan "ni" za a tarar shi da Ubangiji abu ɗaya ne, nan muka rabu. Bawa bawa ne, Mahalicci Mahalicci ne. Ya yi murmushi ya ce ya san haka zan ce, muka ci gaba da gangarowa.

A ƙasa ya nuna mini ɗan ɗakin da ya ƙare kwanakinsa. A ƙarshen 1948 wani ƙari ya fito masa a hannun hagu, ashe ciwon daji ne. An yi masa aiki sau huɗu, likitoci suka ce a yanke hannun, ya ƙi. Duk da ciwon bai yarda a hana mutane ganinsa ba. Da almajirai suka riƙa kuka, sai ya ce musu, ina zan tafi, ina nan. Ya rasu ranar 14 ga Afrilu 1950, da ƙarfe 8:47 na dare.

A bas muna dawowa na kira Hajiya, a gida ko magariba ba a yi ba. Na ba ta labarin a taƙaice. Duk cikin abin da na faɗa, abu ɗaya ta kama.

"Uwar tasa fa, ɗan nan? Haka ya tafi ya bar ta?"

Na ce, "Hajiya, ta zo ta same shi a ƙarshen 1898, ta yi kwanaki tana kuka ya koma gida. Bai yi magana ba, sai ya rubuta mata cewa abin da aka ƙaddara ba zai faru ba, ba zai faru ba ko an yi yaya, wanda kuwa aka ƙaddara ba mai tare shi, don haka shiru ya fi."

"Wannan ce amsar da ya ba uwarsa?"

Na ce ita ce, amma a 1916 ta dawo ta tare wurinsa, ita ke girki a can saman dutse. Ranar 19 ga Mayu 1922 ta cika, yana zaune gefenta, hannu ɗaya a ƙirjinta, ɗaya a kanta. Kuma saboda kabarinta ne ya sauko gindin dutsen, a nan gidan nasa ya kafu.

Hajiya ta ce, "To ya kyauta da ya riƙe ta. Amma shekara biyu uwa ba ta san inda ɗanta yake ba, wannan kam bai kyauta ba." Ta tambaye ni ko na yi salla a kan lokaci, na ce na yi. Ta ce gobe in kira Baffa in gaishe shi, jikin nasa ya ɗan motsa.