Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gurbin Giyayya

Makon jiya mun tsaya a inda aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wata firamare a ƙasar Wudil, a 1993, na bar iyali a Kano sai ƙarshen wata nake leƙa su. Aikin bai dame ni ba. Yamma ce matsalata. Ana tashi daga makaranta sai ɗaki ɗaya da rediyo, ni kuma ban iya zaman majalisa ba. Fatsa dai tun ina yaro na iya ta a kududdufan birni, ga shi kuma Allah ya kawo ni bakin kogi.

Ƙarƙashin gadar Wudil na fara zuwa, kamar kowane baƙo. Wurin kasuwa ce kawai ba rumfa. Masu wanki na buga kaya, yara na alkafura cikin ruwa, tifa na lodin yashi, sama kuma manyan motocin hanyar Maiduguri na girgiza gadar. Ranar Juma'a, da kasuwar shanu ke ci, ba a ma magana. Kifin da ya rage a nan ya ga ƙugiya iri-iri, ya fi mai ƙugiyar wayo.

Sai na riƙa ɗaukar keke ina bin gaɓa ta yamma da gabas. Duk inda na ga ya yi shiru, ina zama sai mai shi ya ɓullo: ko mai lambun albasa da injin ban-ruwansa, ko wanda ya kafa mali, wato tarkon kifi, a ƙarƙashin ciyawa yana zargin na zo ɗaga masa, ko mai ragar birgi da zai watsa a gabana ya kore komai. Mai gadin makarantarmu ne ya gaji da ganina ina dawowa hannu rabbana, ya ce, "Malam, da ɗan gari akan ci gari. Sayi goro ka je ka gai da Sarkin Ruwa."

Na same shi a zaure yana ɗinkin kalli, ya maƙale bakin ragar a babban ɗan yatsan ƙafarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye goro.

"Malam, sayarwa za ka yi?"

"A'a, ranka ya daɗe. Na miya kawai, da wurin da zan zauna ba hayaniya."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi tunda yake, bai taɓa ganin wanda ya zo neman shiru a wurinsa ba, kowa kifi yake nema.

Daga nan ya shiga ba ni labarin ruwan, kuma a bakinsa na fara fahimtar kogin da nake ta zagayawa. Kafin a gama dam ɗin Tiga a 1974, in rani ya yi kogin yankewa yake, ya bar yashi da gurabe nan da can, gari ya fito da ragar koma da gora a yi su, wato kamun kifi na gayya. Da damina kuma ya cika ya malala cikin fadamu, kifi ya bi ya yi ƙwai a ciyawa. Bayan Tiga, sai ga na Challawa a 1992. Ruwa ya daina yankewa, ambaliyar da ke ciyar da fadama kuma ta ragu. Masu lambu sun ji daɗi, masunta ba su ji ba. Giwan ruwa da a da sai mutum biyu suke ɗauka, ya ce yanzu sai dai labari. Ni a ganina har yau ba a yi wa masunta adalci a lissafin waɗannan madatsu ba. Shinkafar Kadawa kowa yana ganinta a buhu, kifin da ba a haifa ba kuwa babu mai ƙirga shi.

Washegari ya haɗa ni da jikansa. Muka bi gabas, ta inda kogin ke gangarawa Ringim da Haɗeja, muka bar keke a wata ruga, muka ratsa gonar rake da ƙafa. Inda ruwan ya yi kwana ya ci gindin gaɓa, nan wata tsohuwar giyayya ta sunkuya, saiwoyinta a cikin ruwa. Wurin ya fi ko'ina duhu, ruwan yana juyawa a hankali. Masu raga ba sa son sa don saiwa na yaga musu kaya, shanu ba sa sauka don gaɓar ta yi tsayi, tifa kuma ba ta da hanya. Abin da ya tsare shi ke nan.

Sharuɗɗan tsohon uku ne. Kada in shiga ruwan, don in an saki dam yana iya tasowa rana tsaka ba hadari ba iska, ga kuma tsargiya. Ƙaramin kifi in mayar. Kada in kai kowa.

Kayan aikina ba su taka kara sun karya ba: sandar gora, zaren roba, ƙugiya, tsohon noti don nauyi, da guntun soson silifas da ke yawo a saman ruwa. Tana kuwa a bayan randar makaranta nake tono ta, inda ƙasa ba ta bushewa, in zuba a gwangwanin madara da ɗan danshi. A kan wannan soson na koyi bambance kifi tun ban gan shi ba. Karfasa tsattsaga take yi, soson ya yi ta rawa, in ka yi garaje ka fizgo ƙugiya tsirara. Tarwaɗa ba ta shawara. Gab da magariba soson zai nutse gaba ɗaya ya nufi saiwa, in ba ka juya ta da wuri ba ta naɗe zaren, shi ke nan kun yi sallama. Kurungu kuma yana fitowa yana gurnani da ƙayoyinsa a miƙe. Ta bayan kai ake riƙe shi, don sukarsa na hana barci.

A bakin gurbin nake sallar la'asar, can nake duba littattafan yara in kifi ya ƙi ci. Wani lokaci zalɓe ya sauka a tsallake, kowa ya kama harkar gabansa. Abin da na kama, matar mai gadi ke yi mana farfesu, rabi nasu rabi nawa. In an yi sa'ar babbar tarwaɗa, ta Sarkin Ruwa ce, ko da yake bai taɓa tambaya ba.

Ƙamshin farfesun nan ne ya jawo mini magana. Wata Alhamis hedimasta ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya ce ya ji labari, kuma ranar Asabar akwai baƙo daga Kano mai sha'awar fatsa, babba ne a ma'aikatarmu, ya riga ya yi masa alkawarin zan kai su. Takardar neman komawata kusa da iyali kuwa tana kan teburin wannan baƙon.

Yadda muka kwashe da su, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.